Me ya sa dokar hana zubar da shara take cizo a wata ƙasa, a wata kuma ba ta wuce takarda ba?

Ɗalibar Shari'a ta rubuta:

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ina nazari ne a kan dokokin muhalli da suka shafi zubar da shara, musamman shara mai guba, kuma akwai abin da ya ɗaure mini kai da nake neman ƙarin haske a kansa. Kusan kowace ƙasa da na duba tana da dokar da ta hana jibge shara barkatai, wasu ma hukuncinsu ya kai ɗaurin rai da rai, amma abin da ake gani a ƙasa ya sha bamban ƙwarai. A wata ƙasar kamfani yana fargabar ganga ɗaya ta sinadari ta ɓace daga lissafinsa, a wata kuwa ana zubar da dubban tan a bayan gari da rana tsaka ba wanda ya ce uffan.

Tambayata kashi biyu ce. Na farko, idan shara ta tsallaka iyaka daga ƙasar da aka samar da ita aka je aka zubar a wata ƙasa, dokar wace ƙasa ce take aiki, kuma wa ake kamawa da laifi: kamfanin da ya samar da ita, ko mai jirgin da ya yi dako, ko ɗan kwangilar da ya karɓa, ko mai filin da aka zuba? Na biyu, a cikin gida, mene ne ainihin abin da ya raba ƙasashen da dokarsu take aiki da waɗanda tasu ba ta aiki? Tsananin hukunci ne, ko kuɗi ne, ko wani abu dabam? Zan ji daɗin amsar da take ɗauke da misalai na zahiri.

Barista Mai Ritaya ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malama. Zan ɗauki kashi na farko, domin shi na fi sani.

Kafin 1989 babu wata doka ta duniya baki ɗaya da ta tsara safarar shara mai guba daga ƙasa zuwa ƙasa. A shekarun 1980 ƙasashe masu masana'antu sun tsaurara dokokinsu na cikin gida, kuɗin sarrafa shara ya yi tashin gwauron zabo, sai dillalai suka gano cewa ya fi arha a loda ta a jirgi a nufi inda babu mai tambaya. Jirgin Khian Sea ya bar Amurka a 1986 ɗauke da kimanin tan 14,000 na tokar sharar birnin Filadalfiya, ya yi ta yawo ƙasashe suna korarsa, ya sauke kusan tan 4,000 a gaɓar Haiti da sunan taki, sauran kuma ya zubar a teku. A tsakanin 1987 da 1988 aka jibge dubban ganguna na sharar masana'antu daga Italiya a garin Koko, wanda a yau yake jihar Delta a Najeriya, a wani fili da aka yi haya a kan dala 100 a wata. Gwamnatin wancan lokaci ta janye jakadanta daga Italiya, ta tilasta aka kwashe sharar aka mayar, sannan ta kafa doka mai lamba 42 ta 1988 wadda ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai shigo da shara mai guba ko zubar da ita. Hukumar kare muhalli ta tarayya ma a shekarar aka kafa ta, ita ce hukumar NESREA ta gaje ta a 2007.

Irin waɗannan abubuwa ne suka haifi Yarjejeniyar Basel, wadda aka cimma a Suwizalan a 1989, ta fara aiki a 1992. Ginshiƙinta shi ne neman izini tun kafin kaya su tashi: ƙasar da za a fitar da shara daga cikinta sai ta sanar da ƙasar da za a kai wa a rubuce, da ƙasashen da za a ratsa, ta faɗi irin sharar da yawanta da yadda za a sarrafa ta, kuma jirgi ba zai tashi ba sai amincewa ta zo a rubuce. Idan aka yi safara ba izini, ko da takardun ƙarya, kuma laifin na mai fitarwa ne, wajibi ne ƙasarsa ta tabbatar an dawo da kayan, bisa ƙa'ida cikin kwana 30. Ƙasashen Afirka sun ga wannan bai isa ba, domin a ganinsu izinin da matalauciyar ƙasa ta bayar saboda matsin tattalin arziki ba izini ba ne na gaskiya, shi ya sa suka ƙulla Yarjejeniyar Bamako a 1991, wadda ta haramta shigo da shara mai guba nahiyar kwata-kwata, har da ta nukiliya, ta kuma fara aiki a 1998. Ita ma Basel an yi mata gyara a 1995 da ya hana ƙasashe masu arziki tura irin wannan shara zuwa ƙasashe masu tasowa, sai dai saboda jiran adadin ƙasashen da ake bukata gyaran bai fara aiki ba sai a Disamba 2019. Amurka kuwa ta rattaba hannu a kan Basel, amma har yau ba ta kammala tabbatar da ita ba.

Yanzu ga amsar tambayarki kai tsaye. Basel ba ta da kotu, ba ta da 'yan sanda, ba ta ɗaure kowa. Abin da ta yi shi ne ɗora wa kowace ƙasa nauyin ta mayar da haramtacciyar safara laifi a dokarta ta cikin gida. An rubuta wata ƙarin yarjejeniya a 1999 a kan biyan diyya, amma ba ta taɓa fara aiki ba. Saboda haka kowace ƙasa tana hukunta ɓangaren laifin da ya auku a hurumin ikonta ne kawai, kuma a nan ne masu ƙarfi suke sulalewa.

Ki dubi abin da ya faru a Abijan a watan Agusta 2006. Jirgin Probo Koala, wanda kamfanin Trafigura ya yi haya, ya fara ƙoƙarin sauke dagwalon sinadarai a tashar Amsterdam ta ƙasar Holan. Da aka gano irin gubar da ke ciki aka ninka farashin sarrafawa, sai aka mayar da shi cikin jirgi, daga baya aka miƙa shi ga wani ƙaramin kamfani a Kwaddibuwa wanda ya watsa shi a wurare da dama a cikin birni. Hukumomi sun ƙirga mutuwar mutane aƙalla 15, fiye da mutum 100,000 kuma sun nemi magani. To wa aka hukunta? Shugaban ƙaramin kamfanin an yanke masa ɗaurin shekara 20 a Abijan a 2008. Babban kamfanin kuwa ya biya gwamnatin Kwaddibuwa saifa biliyan 100 a 2007 ba tare da amsa laifi ba, bisa sharaɗin a daina tuhumarsa, ya sasanta da kimanin mutum 30,000 a Landan a 2009 a kan fam miliyan 30, sannan wata kotun Holan ta ci shi tarar yuro miliyan 1 a 2010, ita ma a kan fitar da sharar daga Turai ba bisa ƙa'ida ba, ba a kan abin da ya sami mutanen Abijan ba. Wannan rabon hukunci yana ci mini tuwo a ƙwarya har yau, domin wanda ya zuba da hannunsa ya tafi kurkuku, wanda ya yanke shawarar inda za a kai kuwa ya biya kuɗi ya ci gaba da kasuwancinsa.

Mai Nazarin Muhalli ya rubuta:

Barista, Allah ya ƙara girma, bayaninka ya share hanya. Ni zan taɓa kashi na biyu, kuma ra'ayina shi ne tsananin hukunci ba shi ne ma'auni ba. Dokar da take aiki ita ce wadda ta hana mai samar da shara yakice hannunsa daga gare ta bayan ta bar ƙofar masana'antarsa.

Amurka ta koyi wannan darasi a unguwar Love Canal da ke jihar New York. Wani kamfanin sinadarai ya binne kimanin tan 21,000 na shara a wani tsohon rami, ya rufe, ya sayar wa hukumar makarantu filin a kan dala 1 a 1953. Aka gina makaranta da gidaje, sai a 1978 aka kafa dokar ta-ɓaci aka fara kwashe ɗaruruwan iyalai saboda gubar da take ɓulɓulowa. Dokar da ta biyo baya a 1980, wadda aka fi sani da Superfund, ta zo da abubuwa uku da suka girgiza masana'antu. Ba sai an tabbatar da sakaci ba kafin a ɗora wa mutum kuɗin tsaftacewa. Dokar tana komawa baya ta kama abin da aka zubar tun kafin a kafa ta. Kuma idan kamfanoni da yawa ne suka zuba a wuri guda, ana iya kama ɗaya ya biya duka, shi kuma ya je ya nemi sauran. Mai samarwa da mai dako da mai fili duk suna ciki. Tunda kamfani ya san ganga tana iya dawo masa bayan shekara talatin, shi da kansa zai binciki ɗan kwangilar da zai ba ta.

Japan ta bi ta hanyar takarda mai bin kaya, wadda mai samarwa yake cikewa, direba ya sa hannu, wurin sarrafawa ya sa hannu, kwafi ya dawo wa mai samarwa. Ba da sauƙi ta kai nan ba: a tsibirin Teshima an shafe shekaru ana jibge sharar masana'antu, kuma kwashe ta, fiye da tan 900,000, bai kammala ba sai a 2017. A yau wanda ya zubar da shara ba bisa ƙa'ida ba a can yana fuskantar ɗaurin da ya kai shekara 5, kamfani kuma tarar da ta kai yen miliyan 300. Jamus ta ɗora wa masu sarrafa kaya nauyin karɓar mazubi da ƙunshin kayansu tun 1991, ta kuma hana binne sharar gida da ba a sarrafa ba daga 2005. Koriya ta Kudu tun 1995 ta sa kowane gida ya sayi ledar shara ta hukuma, yadda mai yawan shara shi ne mai yawan biya.

Sai dai kuɗi yana yanka ta fuska biyu. Birtaniya ta sanya harajin binne shara a 1996 a kan fam 7 kowane tan, ya yi ta hawa har ya haura fam 100 a 2023. Binnewa ta ragu sosai, amma gibin da ke tsakanin kuɗin halal da na haram ya zama riba ga masu laifi, har ƙananan hukumomin Ingila suna rubuta fiye da karo miliyan 1 na zubar da shara a ɓoye a kowace shekara. A yankin Campania na Italiya kuwa ƙungiyar miyagu ta Camorra ta daɗe tana karɓar sharar masana'antu a farashi mai rahusa tana binnewa ko ƙonawa a gonaki. Kotun Tarayyar Turai ta ci Italiya tarar yuro miliyan 20 a 2015, da ƙarin yuro 120,000 a kowace rana, saboda gazawarta wajen sarrafa sharar yankin, sannan a Janairu 2025 kotun kare haƙƙin ɗan'adam ta Turai ta ce ƙasar ta keta haƙƙin rayuwa na mazauna wurin. Italiya tana ƙarƙashin dokokin Tarayyar Turai iri ɗaya da Jamus, don haka bambancin ba a rubutun doka yake ba.

Ma'aikaciyar Tsafta ta rubuta:

Malam, na yarda da yawancin abin da ka faɗa, amma misalanka duka na ƙasashen da motar kwashe shara take zuwa ƙofar gida ne, kuma ina ganin 'yar'uwarmu za ta yi kuskure idan ta auna kowa da wannan mudu.

Rahoton Bankin Duniya na 2018 ya ƙiyasta cewa duniya tana samar da sharar birane tan biliyan 2.01 a shekara, kuma aƙalla kashi ɗaya cikin uku ba a sarrafa ta yadda ya kamata. A ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, abin da ake kwashewa a birane bai kai rabi ba, a karkara kuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 yana ƙarewa ne a juji a fili ko a ƙona shi. A irin wannan hali, idan doka ta ce wanda ya zuba shara a kwata za a ci shi tara, alhali babu bola ta hukuma a unguwarsa kuma babu mota, ta mayar da unguwa guda masu laifi, jami'i kuma sai ya zaɓi wanda zai kama. Haka doka take zubar da mutuncinta, ta kuma buɗe ƙofar cin hanci.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a wurare da yawa hukuma ce da kanta babbar mai karya doka, domin jujin da take kai shara ba shi da shimfiɗar da take hana ruwan dagwalo shiga ƙasa, ba a rufe shi da ƙasa, ba a fitar da iskar gas da take taruwa a ciki. A watan Maris 2017 tsibin shara na Koshe ya rufta a Addis Ababa ya kashe fiye da mutum 110, a watan Agusta 2024 na Kiteezi ya rufta a Kampala ya kashe fiye da 30. Ba ɓarayin dare ne suka tara waɗannan tsaunuka ba. Shi ya sa nake ganin muhimmancin abin da Indiya ta yi a 2010 na kafa kotu ta musamman a kan muhalli, wadda take iya cin gwamnatocin jihohi da hukumomin birane tara. Brazil kuma a dokarta ta 2010 ta amince da ƙungiyoyin 'yan bola jari a matsayin ɓangare na tsarin, maimakon ta kore su, ko da yake wa'adin da ta sa na rufe jujin fili a 2014 bai cika ba.

Inda ƙasa mai ƙaramin ƙarfi ta yi nasara, yawanci ta tare abin ne daga tushe. Ruwanda ta hana leda a 2008, Kenya ta bi a 2017 da hukuncin da ya kai ɗaurin shekara 4 ko tarar shilin miliyan 4. Sa ido a kan masana'antu kaɗan da iyakoki ya fi sauƙi a kan bin miliyoyin mutane, duk da cewa fasa-ƙwaurin leda daga maƙwabta bai daina ba.

Ɗalibar Shari'a ta rubuta:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Barista, saura abu ɗaya. Idan Basel da Bamako sun hana, ta yaya har yanzu kwantenonin matattun kwamfutoci da tarkacen roba suke isa tashoshin Afirka da Asiya? Ashe ba karya doka ake yi a fili ba?

Barista Mai Ritaya ya rubuta:

Wani lokaci karya doka ne, wani lokaci kuma bi ta kafar da doka ta bari ne. Yarjejeniyoyin suna aiki a kan shara, ba a kan haja ba. Tsohuwar kwamfuta mai aiki haja ce, halal ne a sayar da ita, kuma mutane da yawa suna amfana da kayan gwanjo. Sai dillali ya cika kwantena da masu aiki da matattu a gauraye, ya rubuta kayan gwanjo a takarda, jami'in kwastan kuma ba shi da lokaci ko wurin da zai jona talabijin ɗari uku ya gwada. Matattun su ne suke ƙarewa a wurare irin Agbogbloshie na Accra, inda aka daɗe ana ƙona waya don a ciro tagulla kafin a rushe wurin a 2021.

Roba ma haka take tafiya da sunan kayan sake sarrafawa. Shekaru da dama ƙasar Sin ce take karɓar kusan rabin tarkacen robar da ake fitarwa a duniya, sai ta rufe ƙofa ga nau'i 24 na shara daga Janairu 2018, ta kuma hana shigo da shara gaba ɗaya daga farkon 2021. Nan take kayan suka karkata zuwa Maleshiya da Indunisiya da Turkiyya da makamantansu. Filifin ta yi shekaru tana jayayya da Kanada a kan kwantenonin da aka turo a 2013 da 2014 da sunan roba alhali sharar gida ce, sai a 2019 aka mayar da 69 daga ciki. A Tunisiya an shigo da kwantena 282 daga Italiya a 2020, abin da ya kai ga tsige ministan muhalli da kama shi, kuma mayar da yawancinsu bai yiwu ba sai a 2022. Ki lura da tazarar da ke tsakanin kwana 30 da yarjejeniya ta ambata da shekarun da ake ɗauka a zahiri.

An fara toshe kafofin. Tun 1 ga Janairu 2021 gaurayayyar roba ta shiga tsarin neman izini na Basel, kuma tun 1 ga Janairu 2025 duk sharar kayan lantarki ta shiga, mai guba da marar guba, bisa shawarar da Ghana da Suwizalan suka gabatar tare. Tarayyar Turai a dokarta ta 2024 ta tsayar da Nuwamba 2026 don daina tura tarkacen roba zuwa ƙasashen da ba sa cikin ƙungiyar OECD, wadda galibin mambobinta ƙasashe masu arziki ne.

Idan za ki kwatanta dokokin ƙasashe a nazarinki, ina ba ki shawara ki duba wanda aka ɗora wa nauyin kawo hujja. Dokar Tarayyar Turai ta 2012 a kan kayan lantarki ta ce mai fitar da kayan gwanjo shi zai nuna shaidar an gwada su suna aiki, da takardar ciniki, da ƙunshin da zai kare su a hanya, in ba haka ba a ɗauke su shara. Ƙasar da dokarta ta bar wa jami'in tasha aikin tabbatar da cewa kaya matattu ne za ta riƙa rasa shari'a ko da hukuncinta ɗaurin rai da rai ne. Ki kuma duba ko doka ta tilasta wa mai shigo da kaya ajiye kuɗin jingina ko inshora tun kafin jirgi ya iso, domin sau da yawa idan aka buɗe kwantena aka ga shara, kamfanin da sunansa yake a takarda ya riga ya rufe ofis, kuɗin ajiya da na mayarwa kuma sai su faɗo a kan hukumar tashar.